Dare ɗaya, rosta biyar: nazarin abin da ya faru a ɗakin haihuwar wani asibiti a birnin Kano

Matar ta rayu. Na fara da wannan ne domin duk wanda na ba shi labarin nan, abin da yake fara tambaya ke nan. Ta rayu, jaririnta ma ya rayu, amma ta koma gida babu mahaifa, bayan an ƙara mata leda huɗu ta jini, ta kuma kwana tara a gadon asibiti. Ta tsallake rijiya da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a zauna a binciki irin wannan kamar yadda ake binciken mutuwar mai haihuwa, saboda hanyar da ta kai wannan bakin rijiya, ita ce za ta jefa ta gaba a ciki.

A lokacin ni ce shugabar ma'aikatan jinya da ungozomomi, wato metiron. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, balle na wani ma'aikaci. Asibitin gwamnati ne matsakaici a cikin birni. Bai kai girman Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ba, ya kuma wuce ƙaramin asibitin unguwa: muna da ɗakin tiyata ɗaya, ɗakin gwaji mai firjin ajiye jini, ɗakin magani, da ɗakin haihuwa wanda ba ya rabuwa da mata dare da rana.

Yadda daren ya kasance

Daren Alhamis ne a tsakiyar bazara, irin zafin nan na Kano da ko bayan isha'i bango bai huce ba. Ungozoma biyu ne a bakin aiki. Babbar ta daɗe tana karɓar haihuwa, ƙaramar ba ta cika shekara biyu da fara aiki ba. Tare da su akwai atenda ɗaya, dattijuwa, wadda kowa ke kira Iya. Ita ke wanke ɗaki, ta canza shimfiɗa, ta kai saƙo. Likita ɗaya ne ke kwana a asibitin gaba ɗaya, shi ne a ɗakin gaggawa, shi ne a ɗakin yara, shi ne a namu.

Matar ta zo wajen sha ɗaya na dare a adaidaita sahu, tare da mijinta da wata gwaggonta. Haihuwarta ta takwas ce. Sau biyu kacal ta je awo, katinta kuma ya nuna jininta ya yi ƙasa tun lokacin. Mijin ya sayo abin da aka rubuta masa, ya ga an karɓe ta, mai gadi ya tuna masa cewa maza ba sa kwana a ɓangaren mata, sai ya koma gida can wajen Kurna. Wayarsa ta mutu a hanya, unguwarsu kuma babu wuta.

Ta haihu ƙarfe ɗaya da rabi, lafiya lau. An yi mata allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke, kamar yadda aka saba, mabiyiya ta fita, aka gyara ta aka mayar da ita gadon ƙarshe, saboda wata tana nishi a bakin ƙofa tana jiran gadon haihuwar, wasu biyu kuma naƙudarsu ta kankama. Abin da aka koya mana shi ne a riƙa duba mai jego kowane minti goma sha biyar a awanni biyun farko, a taɓa mahaifa a ji ta tsuke, a ga yawan jinin da ke fita. Mutum biyu da mata uku a kan gwiwa ba za su iya wannan ba, ko da sun so.

Wajen ƙarfe biyu Iya ta leƙo ta ce wa ƙaramar, "Sista, ta gadon ƙarshen nan, zani na uku ke nan na canza mata." Hannun yarinyar na kan kan jariri da ke fitowa. Ta ce, "To Iya, ina zuwa, jinin biƙi ne." Iya ta koma. Bayan kamar minti ashirin ta dawo, wannan karon ta wuce wurin babbar, ta ce, "Sista, don girman Allah ki zo ki gani da idonki. Wannan ba na biƙi ba ne."

Babbar ta tarar da mahaifa ta saki, laushi tuɓus, matar ta yi fari, zufa na karyo mata, bugun zuciyarta ya yi sauri. Daga nan duk abin da ya kamata ungozoma ta yi ta yi shi, kuma da sauri. Ta murza mahaifar, ta sa roba ta zubar da fitsarin da ya taru, ta kafa ƙarin ruwa a hannu biyu, ta zuba oksitosin a ciki, ta sa mata ƙwayar misofurostol, ita ma mai tsuke mahaifa, a ƙarƙashin harshe. Abin da ya rage ba a hannunta yake ba: allurar tiranekzamik, jini, da likita.

Allurar tiranekzamik tana hana jinin da ya daskare sake narkewa, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi ta ga duk mai zubar jini bayan haihuwa, cikin awa uku da haihuwar, gwargwadon saurin yi gwargwadon amfaninta. Muna da ita a asibitin. Tana babban sito, sito a kulle, mukulli a aljihun shugaban ɗakin magani a gidansa. Yaron da ke tagar magani ta dare ba shi da ita a kanta, sai ya rubuta a takarda ya miƙa wa gwaggon a sayo a waje. Tsohuwa, ƙarfe uku saura na dare, ba ta san gari ba, kuɗin da ke ƙulle a bakin zaninta bai wuce na shayi ba. Ta tsaya a bakin get da takarda a hannu tana kuka.

An kira likita sau uku, waya na ringi a aljihunsa. An kawo masa waɗanda suka yi haɗari a titi, hannunsa biyu cikin safar hannu yana ɗinki. Iya ce ta je da ƙafa. Ya ce ta gaya musu su ci gaba da abin da suke yi, yana zuwa. Ya zo bayan fiye da rabin awa, kuma har yau ban ga yadda zai yi ya zo kafin nan ba tare da ya bar wani yana zubar da jini a can ba.

Batun jini shi ne ya fi cin lokaci. Lambar da ke manne a bangonmu ta mai jiran kira a ɗakin gwaji, da aka kira ta, mai ita ya ce ba shi ba ne yau, sun yi musanya da abokin aikinsa saboda rasuwa da aka yi masa. Musanyar da sanin shugabansu aka yi ta, bisa ƙa'ida, amma labarin bai fita daga ɗakin gwaji ba. Aka karɓi sabuwar lamba, aka taso na biyun daga gida, ya zo a babur ɗinsa. Da ya duba takardar neman jini sai ya ga hannun ungozoma ne a kai, ba na likita ba. Ya ce ba zai iya haɗa jini a kan wannan takardar ba. Magana ta yi zafi a tsakaninsu. Abin da ya ce, kamar yadda su biyun suka maimaita mini daga baya, shi ne: "Sista, ba raina ki na yi ba. In wani abu ya faru, ni za a kama." Duk da haka bai zauna ba, ya duba rukunin jininta kafin likita ya iso ya sa hannu. Sai kuma ga wata ƙa'idar: ba a fitar da leda daga firji sai dangi sun kawo wanda zai bayar a madadinta. Dangin da ke nan tsohuwa ce ɗaya. Mutumin nan ya tsaya ya yi shiru, sannan ya buɗe firji ya fitar da leda biyu, ya rubuta sunansa a littafi cewa shi ya ɗauki nauyi.

Likita ya gwada abin da zai iya a ɗaki, ya danne mahaifar da hannu biyu, ya sa robar da ake hurawa a cikinta, jinin ya lafa ya sake ɓallewa. Ya auna tura ta babban asibiti, ya ga a halin da take ba lallai ta kai ba. Ya kira babban likita a gida, suka yanke a shiga tiyata. Mai ba da maganin barci a tiyata mutum ɗaya ne ke jiran kira, kuma ya wuni a tsaye tun safe, gidansa da nisa. Aka tashi direban motar asibiti ya ɗauko shi, daga can ya biya Kurna da kwatancen gwaggo, aka buga ƙofa aka taso mijin ya zo ya sa hannu. Ana kiran assalatu aka tura ta ɗakin tiyata. Daga maganar Iya ta farko zuwa lokacin, an haura awa uku.

Zaman da ya watse

Ranar Litinin aka kira taron shugabannin sassa. Tambayar farko da aka yi ita ce, wa ke duti? Daga wannan tambayar zaman ya lalace. Kowane shugaba ya zo ne da nasa a bayansa yana kare shi. Ɓangaren likitoci suka ce ungozomomi sun makara wajen ganewa. Ni kuma na miƙe na ce yarana sun yi komai, ɗakin gwaji ne ya riƙe jini a kan sa hannu. Na faɗi haka da zafi, a gaban mutumin da ya sa wuyansa ya fitar da leda biyu, kuma wannan maganar tana cikin abubuwan da na fi nadama a aikina. Shugaban ɗakin gwaji ya ce dama kullum su ne jakin da ake ɗora wa kaya. Shugaban ɗakin magani ya buɗe littafin sito ya nuna cewa allurar tana nan, ba wanda ya taɓa rubuto masa cewa a ajiye ta a ɗakin haihuwa. Iya ba a gayyace ta ba, ba wanda ya ma tuna da ita. Aka tashi da takardar tuhuma biyu, ɗaya ga ƙaramar ungozoma, ɗaya ga ma'aikacin gwaji, shi kuma har da laifin fitar da jini ba madadi.

Wanda ba ya aikin asibiti zai yi mamakin yadda manyan mutane masu ilimi za su zauna a kan ran mace su ɓuge da kare ɓangare. Abin yana da tushe. Tun 2009 aka raba tsarin albashin ma'aikatan lafiya na tarayya gida biyu, CONMESS na likitoci da CONHESS na sauran, kuma tun daga nan duk gyaran da aka yi wa ɗaya sai ɗayan ya ce saura shi. Akwai tsohuwar jayayya kan wa ya cancanci shugabantar asibiti, da wa za a kira kwansaltan, wato babban ƙwararre. Ƙungiyar likitoci ta NMA na gefe guda, gamayyar JOHESU ta sauran ma'aikata na ɗaya gefen. Gwamnatin tarayya ta taɓa kafa kwamiti a ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed musamman don duba wannan rashin jituwa, ya miƙa rahotonsa a 2014, amma a 2018 JOHESU ta yi yajin aikin da ya ɗauki kusan mako shida. Waɗannan abubuwa a Abuja ake yin su, amma ƙurarsu tana sauka har kan teburinmu. Idan ma'aikacin gwaji ya ce wa ungozoma sai da hannun likita, ita ji take an ce ba ta isa ba. Idan ungozoma ta kira likita ta ce ga abin da take ganin ya kamata a yi, wani likitan ji yake ana koya masa aiki. Kowa ya shigo da tsohon miki, ko an ɗan goge shi sai ya zabura.

Zama na biyu

Likitan da ya kwana a daren ne ya same ni a ofis bayan kwana biyu. Yaro ne, a haife na haife shi. Ya ce, "Metiron, takardun nan ba a kan gaskiya suke ba. In laifi ne, ni ma na yi minti talatin ban zo ba." Muka je tare wurin babban likita, kuma ya saurare mu, Allah ya saka masa da alheri. Aka jingine takardun. Tsarin binciken mace-macen masu haihuwa da jarirai da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta shimfiɗa yana da sharaɗi guda da muka sani a baki muka manta a aikace: ba a kama suna, ba a ɗora laifi. Muka ce mu sake zama a kan wannan sharaɗin.

Wannan karon waɗanda suka kwana a daren aka kira, ba shugabanninsu kaɗai ba, har da direba da mai gadi da yaron tagar magani da Iya. Aka kawo allo daga ajin ɗalibai. Aka ja layi daga ɗaya da rabi zuwa asuba, kowa ya faɗi inda yake a kowane lokaci, abin da ya sani a lokacin, da abin da ya hana shi yin na gaba. Wanzami ba ya son jarfa, farkon zaman kowa a takure yake. Amma da layin ya fara cika, sai murya ta sauka, domin abin da ke kan allon ya fito fili: babu wanda ya yi barci, babu wanda ya karya dokar sashensa. Kowa ya bi abin da shugabansa ya shimfiɗa masa, kuma matar ta kusa mutuwa a tsakanin waɗannan dokokin.

Sai sakataren asibiti ya ce a kawo rostar kowane sashe, wato jadawalin da ke nuna wa zai yi aiki a wane lokaci. Guda biyar ne: ta ma'aikatan jinya da ungozomomi, wadda ni nake rubutawa wata-wata; ta likitoci, mai canzawa mako-mako; ta ɗakin gwaji; ta ɗakin magani; sai ta ofishin sakatare mai ɗauke da direbobi, atenda, masu gadi da mai tayar da janareta. Aka jera su a tebur ɗaya. Shekarun da na yi a asibitin, ranar na fara ganin su a jere. Kowane shugaba yana tsara tasa yana ɗauka cewa inda ya yi sirara, na kusa da shi ya yi kauri. A daren Alhamis ɗin nan duk biyar ɗin sun yi sirara lokaci guda, ba kuma wanda yake da hurumin ganin haka, domin babu wanda aikinsa ne ya duba su tare.

Tawa rostar ita ta fi ba ni kunya. Da safe mukan kai ungozoma shida, da dare biyu. Ina da dalilai, kuma ba na ƙarya ba ne. Safiya ce lokacin awo, mata kan cika rumfa har waje. Manyan da suka kusa ritaya an ɗauke musu aikin dare bisa al'ada. Akwai masu shayarwa, akwai masu ƙaro karatu, akwai wadda maigidanta ya ce bai yarda da kwanan asibiti ba, akwai wadda ta zo da takarda daga sama. Ɗaya bayan ɗaya na yi ta ɗaga ƙafa, har dare ya zama rabon waɗanda ba su da mai tsaya musu, wato ƙanana da sababbi. Naƙuda kuwa ba ruwanta da wannan lissafin.

Abu na biyu da allon ya nuna shi ne hanyar da saƙo ke bi. Komai sai ya ratsa ta likita: jini, magani na musamman, kiran mai maganin barci, tayar da mota. A asibitin da likitoci da yawa ke kwana, wannan ba matsala ba ce. A inda likita ɗaya ne, duk lokacin da hannunsa ya shiga wani aiki, asibitin gaba ɗaya ya tsaya. Tun 2014 ƙasar nan take da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta yarda a miƙa wasu ayyuka ga wanda aka horar ko da ba shi ne ya saba yi ba, saboda ƙarancin ma'aikata. Mun san da ita, amma takardun neman jini da na sito ba su san da ita ba.

Na uku kuma Iya. Da aka zo kanta ta ce ita ba ta yi boko ba, amma shekarunta nawa tana wanke zannuwan masu jego, ta san nauyin zanin da ya sha jinin biƙi, ta san wanda ya wuce haka. Aka tambaye ta me ya sa da ba a saurare ta ba ta yi minti ashirin kafin ta dawo. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni wace ce da zan faɗa sau biyu?" Ɗakin ya yi tsit. Ita ce ta fara ganin haɗarin, ita ce kuma wadda muka koya wa cewa maganarta ba ta da nauyi. Ba da baki muka koya mata ba, da yadda muke wuce ta a baranda, da yadda ake miƙa aiki tana tsaye a waje da bokiti.

Abin da Iya ta gane da hannunta, bincike ya tabbatar da shi. Ma'aunin zubar jini bayan haihuwa da aka daɗe ana bi shi ne rabin lita, mililita 500, kuma ido yana raina jini, musamman idan zani da katifa sun shanye shi. Binciken E-MOTIVE da aka fitar da sakamakonsa a 2023 an yi shi ne a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin, da zarar ya kai alama sai a yi magungunan gaba ɗaya a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Inda aka yi haka an gano kashi 93 cikin 100 na masu zubar jini, inda aka bar wa ido kuwa kusan rabi kawai, kuma zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne ungozoma ce ke fara komai, ba ta jiran kowa. To amma ba za ta iya ba sai maganin yana kusa da hannunta, wannan kuwa yana hannun ɗakin magani.

Abin da aka daidaita a kai

Ba a rana ɗaya aka gama ba, kuma ciniki aka yi sosai. Na koyi cewa duk ƙa'idar da ke ba ni haushi a wani sashe, akwai tsoron da ya haife ta. Shugaban ɗakin magani ba rowa yake ba. Magungunan na asusun juya kuɗin magani ne, duk kwalbar da ta ɓace shi za a tambaya, kuma ya sha ganin an ajiye kaya a ɗaki sun yi ƙafa. Ga kuma oksitosin da ke buƙatar sanyi, in aka bar shi a durowa a zafin Kano ƙarfinsa raguwa yake. Muka yarda a kan akwati ɗaya mai hatimi a ɗakin haihuwa, da duk abin da ake buƙata na zubar jini da na jijjiga, oksitosin kuma a ƙaramin firji. Duk wadda ta ɓalle hatimin za ta rubuta sunan mara lafiyar, da safe ɗakin magani ya cike gurbin, maganar kuɗi ta biyo baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ɗakin gwaji tsoronsu ya fi girma, domin jinin da bai dace ba kisa yake, kuma mafi yawan kuskuren daga rubuta suna a kwalba yake farawa. Suka yarda babbar ungozomar da ke duti ta sa hannu a takardar gaggawa su fara aiki nan take, da sharaɗin mutum biyu su rubuta sunan a bakin gadon mara lafiya, likita kuma ya sa nasa hannun da zarar ya samu kansa. Wasu likitocin ba su so ba, ɗaya ya ce daga nan sai a fara rubuta komai ba da saninsu ba. Babban likita ya ce a gwada. Aka kuma ware leda biyu ta rukunin O don masu haihuwa, a bayar tukuna a nemi madadi daga baya, muka fara roƙon mazaje su ba da jini tun matansu na zuwa awo. Wannan na ƙarshen yana tafiya a hankali, maza da yawa ba sa zuwa.

Sauran ƙanana ne. Waya ɗaya a kowane sashe, ta kujera ba ta mutum ba, duk wanda ke duti ita ce a hannunsa. Takarda ɗaya kowane dare mai sunayen duk waɗanda ke aiki daga likita har mai janareta, a manne a ɗakin haihuwa da ɗakin gaggawa. Tsayuwar minti goma da ƙarfe takwas na dare, kowane sashe ya turo mutum, a faɗi matan da ake jin tsoronsu, kamar mai haihuwa ta takwas da ƙarancin jini, don a duba rukunin jininta tun tana naƙuda a kuma karɓi lambar wani ɗan'uwan bayan ta miji. Atenda na cikin wannan tsayuwar. Muka kuma ce duk wanda ya ga jini ya yi yawa, ko wane ne shi, ya ɗaga murya ya ce "jini a gado kaza", kuma dole wadda ta fi kusa ta je ta duba kafin ta ce komai.

Rosta ce ta fi wuya. Na mayar da dare mutum uku, kuma dole ɗaya ta zama babba. Wannan ya jawo mini fushin waɗanda muka fara aiki tare, wata ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba, an kuma kira ni a waya daga wurare da dama ana roƙo. Na sa sunana a dare biyu kowane wata, ba don ya isa ba, sai don in iya kallon idonsu.

Ƙaramar ungozomar ta daɗe ba ta dawo daidai ba. Duk mai jegon da ta gani sai ta koma ta duba ta sau biyar, hannunta na rawa. Ta ce mini za ta nemi a mayar da ita ɓangaren awo. Na zauna da ita na ce kalmar "jinin biƙi ne" da ta faɗa kuskure ce, ba zan ɓoye mata ba, amma ni ce na ajiye ta da mata uku a kan gwiwa. Na haɗa ta da babbar na wata uku. Ta zauna, kuma yanzu ita ke koya wa ɗalibai yadda ake murza mahaifa.

Inda aka kwana

Akwati da wayoyi da takardar dare sun zauna. Tsayuwar ƙarfe takwas tana yi tana faɗuwa, ya danganta da wanda ke shugabancin dare. Atisayen da muka ce za mu riƙa yi duk wata, da 'yar tsana da ruwan jan kala, mun yi 'yan lokuta, azumi ya zo aka dakata, dawo da shi sai da aka sha fama. Babban abin da ke cin tsarin shi ne tafiyar mutane. Likitan nan ya samu gurbin ƙwarewa ya tafi. Babbar ungozomar da ta ceci matar tana Saudiyya. Ma'aikacin gwajin an canza masa asibiti. Ban ga laifin ko ɗaya ba, kowa da iyalinsa. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, a watan Agusta na shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufa ta musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Mu a ƙasa abin da wannan ke nufi shi ne duk sabon da ya zo, da tsohuwar tarbiyyar makarantarsa yake zuwa, inda aka koya masa aikinsa shi kaɗai ba tare da ya taɓa zama aji ɗaya da sauran ba. Sai an sake zama da shi daga farko. Sau biyu sabon ma'aikacin gwaji ya mayar da takardar ungozoma kafin a nuna masa yarjejeniyar a rubuce, shi ya sa muka manna ta a jikin firjin jinin.

Mai maganin barci har yanzu mutum ɗaya ne ke jiran kiran dare, kuma a gida yake kwana saboda babu ɗakin da za a ba shi. Mun rubuta neman ƙari, mun sake rubutawa. Kafin amsa ta zo, duk matar da aka gani tun a awo cewa haihuwarta na iya zuwa da matsala, mai tabon tiyata biyu, ko wadda mabiyiya ta tare mata hanya, ko wadda jininta ya yi ƙasa sosai, muna rubuta mata takarda tun da rana ta je babban asibiti ta haihu a can. Wasu suna zuwa. Wasu kuma sai mu gan su ƙarfe ɗaya na dare a bakin get, a adaidaita sahu, da takardar a ninke cikin jaka.